Idon Yaya Hansatu

Grace ce ta fara gaya mani za a tada wasan nan. Maƙwabciyata ce nan Yelwa, katanga ɗaya ta raba mu, asibiti take aiki. Ta shigo ina tsintar shinkafa, ta miƙo mani waya, ta ce in duba ko na san yarinyar ga. Ni ban kallon wasa, ko na wayar Firdausi ɗiyata, wadda ke rubuta maganar ga, ban leƙawa. Amma na duba. Yarinya ce zaune bakin ruwa tana juya kifi bisa wuta, hoton ya yi dishi-dishi. Na ce wagga ai Yaya Hansatu ce. Grace ta ce to yara sun tono ta, kowace waya ita ce ciki, kuma an ce ɗan mutumin da ya yi wasan shina tafe Warra nemanta.

Yaya Hansatu uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba, ni ce auta. Ina ƙarama anka kai ta Warra gidan Auwalu masunci. Bagunge ne, cikin mutanen tsibiran kogi, garinsu shina ƙarƙashin ruwa tun lokacin da anka tare kogi a Kainji, a bayan uwarshi ya baro shi. In ya kai tsakiyar ruwa yakan tsai da filafili ya ce nan kasuwarsu take, can kuma rimin ƙofar gidansu. Shi ke kamo kifi, ita ke banda. Tarwaɗa, ƙarfasa, duk abin da koma ta jawo. Tun tana amarya take cikin hayaƙi, har yau.

Lokacin ba a yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Wani mutum ya zo daga gidan talbijin, Malam Sulaiman, siriri mai tabarau. Ya shiga jirgin Auwalu zai ƙetare, ya ji shi shina nuna kasuwa cikin ruwa, shi ke nan ya maƙale mishi. Ya ce wasa zai yi da shi da matarshi.

Wasan ba sarki ciki, ba alƙali, ba mai ban dariya. Mutum ne cikin jirgi can nesa, ya nufo gaɓa shina tuƙi. Mace na gaɓa tana banda. Tun daga farko har a rufe bai isowa. Sati ya zagayo, haka dai. Duk wanda ya wuce bakin ruwa, mai jaki ne ko mata masu wanki, sai a bar hirarsu ciki yadda sunka yi ta. Wani lokaci kuma sai ka ji daka da carar zakara suna fitowa daga cikin ruwa, wai garin da ya nutse ne. Har kiran salla Malam Sulaiman ya so ya sa, limamin Warra ya hana, Allah Ya saka mishi. Jiran Jirgi anka sa wa wasan, amma ba mai kiranshi haka. Bai Iso Ba, shi ne sunan da ya bi shi.

A Yelwa talbijin ɗaya talaka ke kallo, cikin wata rumfa da gwamnati ta kafa. Innarmu kuwa bakin rumfar ga take suyar ƙosai da yamma, ni ke ƙulla mata. Auwalu ya san haka. Mutum ne da in ya hango Inna bisa hanya sai ya tuɓe takalmi ya ratse, bai taɓa cin ko gyaɗa gabanta ba. Ya ce da Malam Sulaiman zai yi wasa, amma surukarshi ba ta ganin fuskarshi cikin akwati shina wasa da ɗiyarta gaban mutanen gari. Sai dai ya sa malafa ya jawo ta har hanci, kuma a yi mishi alkawari ba za a nuna fuskar ba. Malam Sulaiman ya ce hakan ma ya fi mishi daɗi.

Wasan bai daɗe ba. Mutane sunka yi ta ƙorafi wai ana ɓata masu lokaci, yara na bin Auwalu kasuwa suna tambaya ko ya iso. Anka tsai da shi, anka sa na dariya. Ba a jima ba shekarar amai da gudawa ta zo, ta tafi da Auwalu cikin yini guda, Allah Ya jiƙanshi. Ya bar Yaya da ɗiya mace, da ɗansu Jamilu shina rarrafe. Hotonshi ɗaya ne a duniya, ɗan ƙarami jikin wani kati, shi ma ruwa ya ci shi shekarar da ambaliya ta shiga gidan. Ta sake aure wurin wani dillalin kifi, bai yi ƙarko ba, ta dawo ɗakinta da bandarta.

Hayaƙi ya gama da idonta na hagu tun tuni. Na dama ne ya rage, shi ma kamar ana kallo ta cikin ruwan tsari na wankin surfe. Kafin maganar wasa ta taso na jawo ta Yelwa, Grace ta kai ta gun likita. Ya ce yanar ido ce, kuma akwai wani ciwon a bayan yanar da ba shi son jira. Ya ce akwai likitocin ido da za su zo kafin damina suna aiki kyauta, a kawo ta. Yaya ta yafa mayafinta munka fito. Akwai wata tsohuwa unguwarsu da anka yi wa aiki wani wuri, ta tafi tana ganin hanya ta dawo ana jan ta da sanda. Wagga tsohuwa ita ce cikin ran Yaya.

Da ɗan Malam Sulaiman ya iso Warra, Yaya ta aiko in zo. Na hau mota da niyyar in hana. Mace ta yi jikoki, ta kusa sittin, me ya haɗa ta da kyamara? Lokacin tasbihi ne wanga, ba na wasa ba.

Abdulrahman sunanshi, yaro mai ladabi, har ƙasa ya tsuguna ya gaishe mu. Ya ce ubanshi ya rasu, ya bar kwali cike da kaset. Duk sun yi funfuna, ɗaya ne ya buɗu, shi ne wanda ke yawo cikin waya. Sauran ya kai wa wani mai gyara a Legas. Ya ce mutanen da sunka zagi wasan da, 'ya'yansu ne yanzu ke cewa ba a taɓa yin kamarshi ba, har wata tasha ta yarda a ci gaba daga inda anka tsaya. Macen nan dai, gaɓar nan dai, ta tsufa tana jira. Ya yi ta bayani mai tsawo, ni dai ban fahimci rabinshi ba.

Yaya ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko cikin kaset ɗin akwai na ranar iska. Ya ce wace rana ke nan. Ta ce akwai ranar da iska ta taso suna cikin ɗauka, ta fizge malafar marigayi ta jefa ruwa, ya juyo gaɓa shina dariya kai ba komai. Ta ce ta tabbata injin na aiki, don ba wanda ya ce a tsaya. Abdulrahman ya ce bai gani ba tukuna, amma ubanshi ba shi yar da komai, in an ɗauka shina nan. Ta ce to za ta yi mishi wasa, shi kuma ya kawo mata ranar nan.

Da ya fita na rufe ta da faɗa. Ta ƙyale ni har na gaji, tana ta ɓare ƙayar kifi. Can ta ce:

"Auta, fuskarshi ta ɓace mani. Ina tuna tafin hannunshi, ina tuna tarinshi da asuba. In na nemi fuskar sai in ga malafa."

Na ce ai shina da wushirya, da tsage uku-uku nan gefen baki. Ta ce wannan ko makaho ya sani, faɗi daban gani daban. Na ce ta yi haƙuri ta yi ta mishi addu'a, in Allah Ya yarda ai za su gamu inda ba hayaƙi.

"In na je ban shaida shi ba fa? Mijin wa zan gaida?"

Na ce ta yi istigfari. Ta yi, tana dariya.

Haka anka fara. Jamilu anka sa cikin jirgi, wai ɗa ya gaji ubanshi. Shi kuwa jirgin inji yake ja, ya saba ya murɗa hannu ya zauna. Filafili ya fasa mishi tafi tun ranar farko. Ga shi da son a san shi, jim kaɗan sai ya ɗaga malafa wai zufa, ya juyo wa kyamara fuska. Abdulrahman ya yi magana har ya gaji. Uwar ce ta gyara shi, daga gaɓa ta ce mishi ubanshi mai kyau ma ya rufe, balle shi da ya kwaso hancin dangin uwa. Mutane sunka fashe da dariya. Abdulrahman ya ce a bar wannan ciki.

Ni ke raka ta, don ban yarda ta zauna cikin maza ita kaɗai ba. Yelwa zuwa Warra, Warra zuwa Yelwa, har direbobin tasha sunka san ni, ƙugu na ciwo, gidana a hannun Firdausi. Aikin kuwa jira ne kawai. A jira rana ta karkata, a jira jirgin inji ya wuce, a jira batir. Sai a ce da Yaya, Inna kalli ruwa. Ta kalla. A ce Inna juya kifi. Ta juya. Azahar da la'asar bisa yashi muke yin su, ina shimfiɗa mana zane bayan wani tsohon jirgi da anka kife. Duk ranar da munka tashi sai ta tambayi Abdulrahman labarin Legas. Kullum amsa ɗaya, ana kai.

Ana nan likitocin ido sunka iso Yelwa. Grace da kanta ta hau mota ranar hutunta ta zo Warra ɗaukar Yaya. Yaya ta ce ba ta zuwa. Ta ce ɗan ganin ga da ya rage shi ne jarinta, ba ta ba kowa shi ya sa wuƙa sai ta ga abin da take jira. In ta gani, su ƙwaƙule ma in sun so.

Grace ta zauna bisa turmi ta yi mata bayani a hankali, ta sake yi. Ta ce in an yi aikin ai sai ta fi ganin kaset ɗin da kyau. Yaya ta ce in kuma an yi irin na tsohuwar unguwarsu fa, Grace za ta ara mata nata? Grace ta ce ciwon da ke bayan yanar ba shi jiran Legas. Yaya ta ce ita ta jira jirgi tun Grace ba ta yi haƙori ba, ido ma ya koyi jira. Ran Grace ya ɓaci, ta ce da ni, Maman Firdausi, yayarki ce, ki san yadda za ki yi. Ko kifin da anka ƙulla mata ba ta ɗauka ba.

Na yi abin da zan iya. Na sa limamin unguwarsu ya yi mata nasiha cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Ta ce ta ji, ta gode. Na kira ɗiyarta da ke aure Shanga, ta yi kuka cikin waya. Sannan na tari Abdulrahman bayan jirgin nan da muke salla, na gaya mishi komai, don ashe bai san da zancen ido ba. Ya cire hula ya mayar. Nan gabana ya kira mai gyaran, har murya ta tashi. Mutumin ya ce kaset mai funfuna in an gaggauta shi tsinkewa yake, in an matsa mishi a zo a kwashe kaya. Abdulrahman ya je ya durƙusa gaban Yaya ya roƙe ta ta je asibiti, ya ce ko wasan zai tsaya ya tsaya. Ta ce shi dai ya cika nashi alkawari.

Likitoci sunka gama sunka tafi. Ruwa ya sauka. Na lura ta fara lalube kafin ta kama wuƙa, kuma in na shigo ba ta sanin ni ce sai na yi sallama. Ban ƙara yi mata faɗa ba, bakina ya gaji. Sai dai in na yi sujada in sa ta ciki.

Gero ya fara fitar da kai sannan Abdulrahman ya zo da abin. Ya ce ba duka sunka tsira ba, amma ya ga akwai mai iska, bai kalla ba, ya ga ya kamata ita ta fara gani. Gidana anka yi, bayan azahar, don Grace ta ara mana babban talbijin ɗinta. Anka saki labule, anka tada janareta. Yaya ta yi wanka ta sa atamfarta ta Salla. Jamilu ya jawo mata kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta karkata kai tana kallo da gefen idon dama.

Ga ruwa, ga jirgi ɗan ƙarami can nesa. Anka daɗe haka. Jirgin ya matso har ana ganin kafaɗa da malafa. Ruwa ya fara tashi, hayaƙin banda ya kwanta gefe. Yaya ta ce ga ta nan. Munka ga malafa ta ɗaga.

Sai hoton ya juya da sauri, ruwa ya wuce, yashi ya wuce, ya tsaya kan yarinyar da ke gaɓa. Ta rufe baki da hannu, dariya ta ci ƙarfinta har ta saki hannun. Daga can cikin ruwa ana jin dariyar namiji, da murya tana cewa, yi ta dariya, ke za ki saya mani wata. Anka daɗe kan yarinyar. Da hoton ya koma ruwa, ya ba mu baya, ya sunkuya shina jawo malafa da filafili. Ya kifa ta a kai tana zuba, ya jawo ta har hanci, sannan ya juyo.

Abdulrahman ya ce a hankali, mai kyamara ne ya kau da ita, saboda alkawarin da anka yi wa marigayi.

Yaya ta ce, "Wace ce waccan mai dariya?"

Jamilu ya ce, "Ke ce, Inna."

Ta ƙara matsawa, ta daɗe tana duba. Ta ce, "Ashe na yi haƙora."

Ta ce a mayar. Anka mayar, wannan karon ta rufe ido tana saurare. Jamilu ya tashi ya fita waje, bai taɓa jin muryar ubanshi ba sai ranar. Abdulrahman ya ce zai bi sauran kaset ɗin ɗaya-ɗaya ko akwai wani wuri. Ta ce kada ya wahal da kanshi, mutanen da in sun yi alkawari sun yi ke nan. Ta ce Allah Ya jiƙan mai kyamara in ya mutu, in shina raye Allah Ya ba shi lafiya. Sannan ta juya wajen da take jin motsin Grace ta ce, ɗiyata, likitocin naki fa?

Abin da ban faɗi ba ranar, kuma ban faɗa mata har yau, shi ne Innarmu ba ta taɓa kallon wasan nan ba. Ni ke zaune kusa da ita. Da an ce ga Bai Iso Ba an sa, sai ta juya kujerarta ta ba rumfa baya, ta ci gaba da suya har a gama. Ita ma kunyar surukinta take ji. Ko da ya tuɓe malafa ya yi rawa cikin jirgi, bayan Inna zai yi wa.

Ba mu jira likitocin kyauta sun dawo ba. Jamilu da Abdulrahman sunka kai ta babban asibiti a birni, ni da Grace muna baya. An cire yanar lafiya. Amma likita ya ce ciwon da ke baya ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba shi dawowa, sai dai a tsare ɗan abin da ya rage da magani. Grace ta ce da an zo kafin damina da ba haka ba. Ni ban sani ba, Allah ne Masani. Tana ganin haske da duhu, tana ganin mutum kamar kututture in ya tsaya bakin ƙofa.

An sa sabon wasan a tasha. Firdausi ta ce mutanen birni na ta yabon yadda tsohuwar ke kallon ruwa, wai ba su taɓa ganin kallo irin nata ba. Ni ban kalla ba. Na kuma daina zuwa Warra ranar ɗauka, ƙuguna bai iyawa, matar Jamilu ke raka ta yanzu.

Tana nan Warra. Da asuba matar Jamilu ke ɗiga mata magani, ta yi salla, a hura mata wuta. Da hannu take sanin kifi ya yi, ta danna ciki ta shinshina. Ranar da masu kyamara sunka zo sai a kama hannunta a kai ta gaɓa, a zaunar da ita, a juya ta wajen ruwa. Sun ce akwai sauran ɗauka bayan kaka, ta ce in da rai. Satin da ya wuce ta aiko mani da tarwaɗa cikin kwali ta hannun direba. Gefe ɗaya ya ƙone. Na kankare, munka yi miya da shi, na aika a ce mata ya yi daɗi.